Kada Bijiminka Ya Ƙare a Rumfar Mai Faci

Daga Toranke, ta Ajingi.

Zuwa ga ɗana Abba, a Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka sauka lafiya, ka kuma tarar da kawunka da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare min kai a hanya da masauki, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da masu tsoronSa a duk inda ka sa ƙafa.

Na san za ka ce me ya kai Baba ɗaukar biro alhali ga waya a aljihu. Dalilin ɗaya ne. In na kira ka, "to Baba, to Baba" kake ta jera min, ni kuwa a kasuwa na yi furfura, na san "to" ɗin mai saye, na san "to" ɗin wanda yake so a sake shi ya tafi. Takarda ba ta cewa kati ya ƙare. Ka karanta, ka ninke, ka sa a aljihun gaba, ka sake buɗewa a mota ranar da za ka shiga Kano.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kowa lafiya. Maganar bijiminka ce. Tun yana ɗan maraƙi kakarka ta wajen uwa ta ba ka shi, kai ka yi masa harawa, kai ka yi masa dusa, har ya zama abin da mutane ke tsayawa kallo. Ranar kasuwar Ajingi ni na tsaya a kansa da kaina, na ja ciniki har dillalin ya ce in ji tsoron Allah. Yau kuɗinsa na ɗaure a jikinka, kuma ba ka da wani bijimin a bayansa. Ka ce injin feshin fenti za ka saya, ka gaji da yi wa wasu aiki da buroshi da rola, kana so ka tsaya da ƙafarka. Innarka ta ce a sayi tumaki. Ni na tsaya na ce a bar ka. Saboda haka in ka faɗi tare muka faɗi, ni kuwa na taɓa faɗawa wannan ramin, na san zurfinsa, kuma ban yi niyyar a sake ciro wani daga gidana a cikinsa ba.

Ka san bangon zaurenmu. Ka tashi ka gan shi da shuɗin nan mai gangarowa layi-layi, ka kuma ji 'yan tsokana suna ce masa zaure mai hawaye. Labarin ka ji shi gutsi-gutsi a bakin mutane. Yau ka ji shi a bakin mai shi.

Kana goye a lokacin. Na kai gyaɗa Kano, sai na ga wani mutum a ƙofar wani gida, bindigar feshi a hannunsa, yana bi da ita kan get ɗin ƙarfe. Duk inda hannunsa ya wuce sai wurin ya koma sabo, sumul, ba sawun buroshi ko ɗaya. Na tsaya baki buɗe har mota ta kusa barina. A hanyar dawowa nake ce wa kaina, ai ni ma ina da injin feshi a gida, wanda nake goyawa in yi wa gona feshin ciyawa. Feshi ai feshi ne. Ka ga wayon ɗan kasuwa ke nan: in ya ga abu biyu sun yi kama, sai ya ce uwarsu ɗaya.

Ana gab da Sallah na sayo fentin ruwa shuɗi, na zuba a injin gona, na goya. Da na yi abina a ɓoye da sauƙi. A'a, sai da na fito da benci na tara jama'a. Abokina Ɗanlami mai walda yana zaune a gaba, ya ce, "Idi, ciyawa ce ta fito wa bangon?"

Na ce, "Zauna ka ga ilimi. Ai ba a banza na zauna a aji ba."

Na buga hannun famfon, na buga, na sake bugawa. Shiru. Fentin ya yi kauri, bakin ya toshe. Na ƙara ruwa, ya tofo kaɗan kamar yaro mai shan magani. Na ƙara ruwa, na ƙara, har fenti ya koma ruwan shunin wanki. Sannan ya fito, amma bango ya ƙi riƙe shi, sai gangarowa yake. Ɗanlami ya leƙa ya ce, "Ka bar shi haka, Idi, bangon ma kuka yake." Sunan ke nan da ya bi zauren har yau.

Haushi ya sa na jefar da injin a gindin rumbu ban wanke ba. Da damina ta sauka, ciyawa ta taso, na ɗauko shi, fenti ya bushe a cikinsa kamar siminti. Shekarar nan da fartanya muka nome gyaɗa, ni da ƙashin bayana. Na je neman abu biyu a inji ɗaya, na dawo ba ko ɗaya.

To ga shawara ta farko: kada ka fara da tambayar wane inji ne ya fi kyau. Ka fara da tambayar wane aiki ne zai riƙa zuwa ƙofarka. In ka shiga shagunan Kano iri uku za su nuna maka, ko da za su sa musu sunaye ɗari. Akwai ƙarami mai kofi a jikinsa, ana riƙe shi kamar butar shayi a jona a wuta. Wannan na kujera ne da taga da ɗan gyaran gida, kofinsa ba ya jimawa, kuma kafin azahar wuyan hannunka ya gaya maka. Akwai kwamfaresa mai tankin iska da tiyo da bindiga, irin wanda na gani a Kano. Shi ne sarkin ƙarfe da katako: get, ƙyaure, taga, gado, kabad, duk abin da ake so ya yi sheƙi da fentin mai. Sai kuma babban, mai tsotson fenti kai tsaye daga bokiti, wanda ka nuna min a wayarka, Bature yana feshe gida guda kafin shayinsa ya huce.

Na ga yadda idonka ya yi a kan na ukun nan, shi ya sa ma nake wannan rubutu. Injin ba shi da laifi. Amma ka zauna ka tuna gidajen da ka yi wa aiki daga Gaya zuwa Kademi. Nawa ne irin na cikin wayar? Namu bango rabi ƙasa rabi siminti, filasta mai kaushi, ɗaki cike da kaya ba inda za a fitar da su. Mai gida zai sayo bokiti ɗaya, yana so ya ishi ɗaki da falo, a rage na shafa wa ƙofar bayi. Ka kawo masa inji mai shan fenti kamar raƙumi ya sami rijiya, kafin a kai bango na uku bokiti ya ƙare, kai ne ɓarawo a idonsa, ko da ka rantse da abin da zai kashe ka. Irin wannan injin na masu kwangilar manyan gine-gine ne. In Allah Ya kai ka can, shi zai neme ka.

Abin da ke da yawa a ƙasarmu ƙarfe ne. Duk saurayin da ya ɗora bulo sai ya sa ƙyauren ƙarfe, duk wanda ya sayar da amfanin gona da kyau sai ya sake get. Masu walda suna ƙera su, su shafa musu fenti da buroshi, sawu ya fito kamar kunyoyin gona. Nan kasuwarka take. Bango kuwa, rolarka ba ta mutu ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, don a fagena aka kayar da ni. Bayan wasu shekaru gyaɗa ta yi kyau, na ce yanzu zan sayi na gaskiya. Na shiga wani shago a Kano. Mai shagon na ganina ya miƙe, "Sannu da zuwa Alhaji, a ba Alhaji kujera." Ni da ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba. Abba, duk wanda ya kalli takalminka sannan ya kira ka Alhaji, ka dafe aljihunka.

Ya jawo wani ƙaton kwamfaresa na hannu, ja, an goge shi yana ƙyalli. Ya ce, "Wannan ba na yara ba ne, Alhaji. Ji murya." Ya kunna, shago ya ɗauki rugugi. Ya zuba ruwa a bindigar, ya fesa a kan kwali, feshi ya fito lallausa kamar raɓa.

Na ce, "Zai yi a ƙauye?"

Ya ce, "Ko a daji."

Ni ne fa mai zura hannu har gindin buhu, in ɗebo gyaɗa in ɓare in tauna kafin in ce uffan. Ni ne mai juya mudu in duba ko an bubbuge gindinsa. Amma ranar nan saman buhu aka nuna min na saya. Ruwa ya fesa, ruwa kuwa ko ta hancin buta zai fita da kyau. Kuma da babban janaretan layinsu ya kunna, wanda ke ɗauke da shaguna da yawa. Ban tambayi komai a kan wannan ba, ƙarar ce ta tafi da ni.

Na iso gida, na jona shi a ɗan janaretana. Ya yi tari, ya sake tari, ya mutu. Na tayar, ya sake mutuwa. Na ce bari in jira wutar lantarki. Ka san tamu, baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba sallama, in ta zo ma ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi. Injin ya yi ta gurnani ya kasa tashi. Haka ya zauna a ɗaki innarka tana ɗora masa kwanuka.

Ta biyu ke nan: ba inji kake saye ba, inji da abin da zai tayar da shi kake saye. Kowane kwamfaresa akwai ɗan ƙarfe a jikinsa da aka rubuta ƙarfin wutar da yake ci, janareta ma da nasa. Ka karanta su biyun da idonka, don wannan aka kai ka makaranta. Kada kuma ka yarda su zo kai da kai, sai na janaretan ya ɗara sosai. Ka san jaki da kaya, tashin ya fi masa tafiyar wuya. Haka inji yake, lokacin tashi ya fi jan wuta. In sun nuna maka mai batir, kada ka raina shi kuma kada ka yi rawa. Tambayi yadda batirin yake jimawa a kan aiki, da inda ake samun wani in ya mutu, ka kuma tuna inda za ka yi caji.

Gwaji kuwa, ga yadda za ka yi, kuma ban yarda ka rage ko ɗaya ba. Da fentinka, ba da ruwansu ba. Da janaretanka, ba da wutarsu ba. A kan ƙarfe, ba a kan kwali ba, don kwali shanye aibi yake yi. Kuma a tsaye za ka jingina ƙarfen. Mai shago zai so ya kwantar da shi a ƙasa, ya ce don ka fi jin daɗi. Abin da ke kwance ba ya zubar da hawaye, get ɗin mutane kuwa a tsaye yake. Ka bar injin ya cika tankinsa har ya tsaya da kansa, sannan ka kasa kunne ko iska na sulalewa, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo ka ga ko zai yi kumfa. In na hannu ne, akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tankin, ka sa a buɗe. In ruwan da ya fito ja ne wur da tsatsa, cikinsa ya ciwu, ka yi musu sallama. Wanda ya ce ba a gwaji a shagonsa, ya riga ya gaya maka abin da gwajin zai nuna.

Kuskurena na uku shi ne wanda ya kashe min sana'ar tun ba ta yi rarrafe ba. Da kaka na aro babban janaretan Ɗanlami, muka turo shi a kura. Na cire ƙyauren ƙofar gida, na jingina shi da katangar baya, na haɗa koren fenti. A karo na farko injin ya tashi yadda ya kamata. Wallahi Abba, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na buɗe bindigar har ƙarshe, ina feshi ina 'yar waƙa, hazo kore yana tashi sama, iska tana ɗaukarsa tana haurar da shi katanga. Ban ko ɗaga kai ba.

Bayan katangar nan ka san gidan wa ne. Iya Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da su. Ranar ta shanya ɓararriyar gyaɗarta a tabarmi, tsakar gida guda.

Sai na ji an ce, "Idi! Kai Idi ɗan Hassana!" In tsohuwa ta haɗa sunanka da na uwarka, ka ajiye abin da ke hannunka. Ta shigo da ƙwarya a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana jan akuya mai koren kunne. Ta dire ƙwaryar a gabana ta ce, "Kai da ka san gyaɗa, wace iri ce wannan? Sabon iri ne aka kawo?"

Na ce, "Iya, iska ce."

Ta ce, "Iska ce ta sayo fenti a Kano? Ko mai gyaran rufi in zai hau sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Mai sassabe bishiya ma haka. Kai ka aiko abinka ya haura min katanga ba sallama, ya shiga abincin marayu."

Buhun irin da na ajiye don shuka shi na ɗauka a ka na kai mata. Amma ba gyaɗar ce babbar asarar ba. Kafin la'asar labari ya zaga gidaje ta bakin mata, a wajen rijiya, a wajen niƙa. Kuma bari in gaya maka abin da ba a koyarwa a wurin koyon fenti: a ƙasar nan mata ne ke ba da aikin fenti. Su ke cewa ɗaki ya dushe, su ke cewa za a kawo amarya, su ke cewa Sallah ta matso. Namiji biya kawai yake yi. Daga ranar duk gidan da aka ambaci sunana sai uwar gida ta ce, "Mai kore? A'a, a kira mai buroshi." Har yau in na gaishe da Iya Tabawa sai ta ce, "Lafiya lau, mai kore," ga ta ta tsufa tukuf amma wannan ba ta manta ba.

Saboda haka ka zaɓi bindiga mai maɓallan da ake ragewa da ƙarawa, na faɗin feshi daban, na yawan fenti daban, injin kuma yana da agogon da ke nuna ƙarfin iska. Wadda ba ta san komai ba sai buɗewa gaba ɗaya, rabin fentin mai gida a iska zai tafi, sauran rabin a shanyar maƙwabta. Sannan ka ɗauki kanka mai hawa sama. Duk gidan da za ka yi aiki, kafin ka tayar da inji ka sa a shiga maƙwabta, dama da hagu da baya, a ce za a yi feshi, a kwashe shanya, a rufe randa da rijiya da turmi, a janye dabbobi. Ka ɗebi ƙasa ka watsa sama ka ga inda iska ta nufa. Ka yi aikinka da sassafe kafin ta farka. Ka ɗinka tsofaffin buhuna su zama labule ka riƙa yawo da su. Wanda ya yi haka sau biyu, matan unguwa da kansu za su yi masa talla, ba ya bukatar allo a bakin titi.

Ƙarshen jan injin nawa ka san shi, ko da ba ka san nawa ba ne. Na ci gaba da ɗan taɓa ƙyamaren Ɗanlami a bayan gari, inda ba shanyar kowa. Wata rana allurar cikin bindigar ta lanƙwashe, wata 'yar roba kuma ta tsage, abin da bai kai zoben yatsa ba. Na nema a Gaya, babu. Na koma Kano wurin mai shagon. Yanzu ba Alhaji ba ne ni, Malam ne. Ya juya robar a hannu ya ce, "Ai an daina kawo irin wannan, Malam. Amma ga wani sabo can, ji murya." Na fita ban ji muryar ba. Daga baya mai facin tashar Ajingi ya karɓi tankin da abin da ya ga dama. Jan kwamfaresan nan da kake gani yana ba tayoyin motocin Kano iska, gyaɗata ce. Duk ranar kasuwa ina jin ruguginsa daga rumfata, ina gane shi kamar yadda ake gane kukan akuyar gida.

To kafin ka shiga shagon mai sayarwa, ka fara zuwa rumfar mai gyara. Ka saya masa ruwan sanyi, ka zauna, ka tambaye shi wane iri ne kayansa suke ko'ina, wane iri ne in ya lalace sai addu'a. Mai sayarwa ranar ɗaya yake tare da inji, mai gyara shi ya san halinsa. In ka ga wanda ya kwanta maka, kada ka biya tukuna. Ka zaga wasu shagunan ka tambayi bakin bindigarsa da robobinsa kamar ka riga ka mallake shi. In kowa ya jawo akwati ya zubo maka, ka koma ka saya. In suka fara "sai dai a yi oda", ka ƙara gaba.

Kada kuma ka zuba bijimin gaba ɗaya a kan inji. Ka bar kai da ƙafafu. Za ka bukaci baki biyu, ƙarami na fentin mai da mai faɗi na fentin ruwa, da tiyo mai tsawo don inji ya zauna nesa da aiki, da tina ta tsinka fenti da wanke bindiga, da man janareta na ayyukan farko. Fenti kuma a tace shi kafin ya shiga bindiga, tsohon ɗankwalin innarka na shara-shara ya isa, na sa maka ɗaya. Ka sayi takunkumi na gaske, mai matatai a gefe, ba na ƙyalle ba. Ni hankici na ɗaura, na yi kwanaki ina kakin kore. Aka ce in sha nono yana wanke ƙirji, dangin innarka masu tallan nono suka yi ciniki a kaina. Nono ciki yake zuwa, fenti huhu yake zuwa, ba sa ko gamuwa a hanya. Kuma in ka gama aiki, bindiga ake fara wankewa kafin hannu, kafin abinci. Injin gonata bai mutu don fenti ya shige shi ba, ya mutu don ya kwana a ciki.

Za ka ce zamani ya canza, injinan yanzu ba irin na lokacina ba ne. Gaskiyarka, sun fi sauƙi, sun fi kyau. Amma harshen mai shago bai canza ba, wutarmu ba ta canza ba, katangar Iya Tabawa ba ta ƙara tsawo ba. In ra'ayina kake so, ga shi ba kwana-kwana: kwamfaresa matsakaici, wanda ɗan janareta zai ɗauka ba tari, wanda kayansa ke zube a kasuwa, ko da ba shi da kyan gani. Shi zai haifa maka babban nan na cikin waya in lokaci ya yi. In kuwa ka zaga ba ka sami wanda ya ci gwajin nan ba, ka dawo Gaya da kuɗinka a ɗaure, ka koma wani makon. Ba a yi wa mutum dariya don ya dawo daga kasuwa da kuɗinsa. Ni da kaya na dawo aka yi min.

Direban da ya kawo maka wannan takarda zai sauke maka kaya uku. Gwangwanin fenti da Ɗanlami ya haɗa, kaurinsa daidai na aiki. Janaretana, wanda nake kallon labarai da shi, maƙwabta kuma suke cajin waya. Na ce musu su yi haƙuri, ya tafi Kano cin kasuwa. Da shi za ka gwada, in ka sami wanda ya ɗauka, ka riƙe shi har ka sayi naka. Na uku kuma ƙyauren tagar ɗakinka ne. Da kaina na kwance shi jiya, na kankare tsatsar, na toshe tagar da tabarma. Innarka ta yi ta faɗa, ta ce kaji za su mayar da ɗakin nasu. Na ce to sai ya yi sauri.

A kan ƙyauren nan za ka yi gwajin, a tsaye, a gaban mai shago. Kuma da shi za ka dawo min. Ba sai ka ba ni labari ba, ba sai ka nuna min hoto a waya ba. Zan kai shi rana in shafa da bayan hannu, yadda nake yi wa buhu. In na ji sumul, na san bijiminka yana nan da rai, ya sake kama ne kawai. In na ga hawaye, na san an kira ka Alhaji.

Sau da yawa masu fenti sun ce in bari su rufe min bangon zauren nan, har da mai cewa kyauta. Na hana. Kai ma ka nema da rolarka na ce ba yanzu ba, ka yi fushi. Ajiye shi nake yi. Inji ya ɓata shi a gaban jama'a, inji nake so ya gyara shi a gaban jama'a, a hannun ɗan gidan. Ranar da ka dawo za mu kankare shi tare, mu cike tsagar, ka sa baki mai faɗi. Bencin yana nan. Ɗanlami ma yana nan, na riga na gaya masa wurin zamansa a gaba ne, ya zo da bakinsa.

Amma kafin ka ja igiyar janareta, kai da kanka za ka zaga baya, ka yi sallama, ka durƙusa ka ce, "Iya, za a yi feshi, a kwashe shanya." Ina so in ji abin da za ta kira ka.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ka gaishe min da kawunka da mutanen gidansa. Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya rufe idonka daga mai ƙyalli, Ya buɗe shi a kan mai amfani, Ya tsare ƙirjinka da hannunka da mutuncinka, Ya dawo min da kai da ƙyauren tagata lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Idi mai gyaɗa.